Jatau Mai-zane da Dodon Mashigi

A Funtuwa, bayan tashar manyan motoci, an yi wani mutum ana ce masa Jatau Mai-zane. Da fari bayan motoci yake yi wa ado: zaki, giginya, jirgin sama. Daga baya ya koyi katun, wato zanen da ke motsi. Aikin ba na rago ba ne. Teburi ne na gilashi, da fitila a ƙarƙashinsa. A ɗora takarda marar kauri a zana mutum. A ɗora wata a kanta a sake zana shi, ƙafarsa ta ɗan gusa. Haka har takardu su yi tsibi. Sai a ɗauki hoton kowace da kyamara, a jera su da gudu. Mutum ya tashi yana tafiya.

Jatau yana da muryar wata tsohuwa, Iya Tambai, a cikin rakoda. Kafin ta rasu ta yi masa tatsuniyar Dodon Mashigi, ya ɗauka. Tatsuniyar gajera ce. Wata damina kogi ya kawo. Dodon da ke kwance a mashigi ya buɗe baki ya haɗiye mutanen gari kaf. Ɗan Maharbi ya dawo daga daji, ya ɗaga mashi ya soke shi. Dodo ya mutu, mutane suka fito, aka yi ta biki. Ƙurunƙus.

Ya zana ta yadda kowa ke zanawa. Ana kallon Dodo daga ƙasa, ya cika allo, ido ja, haƙora waje. Ɗan Maharbi shi ma daga ƙasa, rana a bayan kansa. Mashi na shiga, sai a yanke, a tsallaka wurin biki, kalangu ya ɗauka. Aiki ya kusa ƙarewa, saura takardun ƙarshe.

Wata la'asar yana sunkuye a kan gilashi, sai ya ga hawainiya tana tafiya a cikin takardar. Ba a kanta ba, a cikinta. Ta zo tsakiya ta tsaya, ta juyo masa da ido ɗaya.

Ta ce, "Sallama dai, ɗan Adam."

Jatau ya ja baya. Ya ce, "A'uzubillahi! Ni ban zana ki ba."

"Shi ya sa ƙafafuna suka cika huɗu. Magajiyar Ƙasar Tatsuniya ce ta aiko ni. Tana kiranka. Akwai rai a hannunka."

"Ran wa?"

"Ɗan aike ba ya kwance saƙo a hanya. Ɗauki kayan aikinka, ka kifa fuska a kan gilashin."

Ya soke fensir a bayan kunne. Ya ɗauki wani kwali da ya huda wa taga mai kusurwa huɗu, wanda yake leƙawa ta ciki don ya san iyakar abin da kyamara za ta ɗauka. Ya yi bisimilla ya kifa fuska. Gilashi ya yi laushi kamar ruwan randa, ya nutse.

Ya faɗo a wani wuri fari fat. Ba ƙasa, ba sama, ba gabas, ba yamma. Hawainiya ma ta koma fara, sai idonta kaɗai ake gani.

Ta ce, "Nan ne Farin Fili. Duk inda ba ka zana ba, nan yake. Ja mana layi mu taka."

Ya durƙusa ya ja layi da fensir, layi ya miƙe ya zama hanya. Suka hau. Ba su yi nisa ba sai suka ji gurnani a baya. Wani abu ne kamar bijimi, ba kai ba wutsiya, jikinsa na robar goge zane, yana mirginowa yana lashe hanyar, ɓurɓushi na zuba a bayansa.

Hawainiya ta ce, "Gogau ke nan. Layi yake ci. Kai ma a nan layi ne."

Jatau ya dubi hannunsa, ya ga haka ne. Ya dubi hawainiya, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana tunanin inda za ta ajiye ta.

Ya ce, "Haba baiwar Allah! Yanzu ma?"

"Ni ba a taɓa zana ni da gudu ba."

Ya sure ta ya aza a kafaɗa. Ya karkata gefe ya yi ta murza fensir, ya tara layi a kan layi har suka yi dami kamar harawa. Gogau ya iso, ya shinshina, ya tsaya ci. Suka wuce.

Suka iso wani gari. Jatau ya gane shi, shi ya zana shi. Amma da ya shiga ya waiga, sai ya ga gidajen fuska kawai gare su, ba baya. Zaure a tsaye, bayansa iska. A ƙofar wani gida wata mata tana daka, taɓarya sama, taɓarya ƙasa. Da ta gan shi ba ta fasa ba.

Ta ce, "Kai ne Mai-zanen? Allah ya kawo ka. Tun ranar da ka zana ni nake dakan nan. Leƙa turmin."

Ya leƙa. Ba komai a ciki.

Ya ce, "Yi haƙuri, Inna. Ke a can baya kike, ba a ganin cikin turmi. Zane kaɗan na yi miki nake ta maimaitawa."

"Ba a gani, amma kafaɗa tana ji."

Ya zana mata gero a turmi, ya zana mata kujera 'yar tsugunno. Ta zauna ta yi ajiyar zuciya, ba ta ce ta gode ba. Ba ta da laifi.

A kasuwa maza suka kewaye shi, dukansu fuskarsu ɗaya. Fuskar kawunsa Nomau ce, ita ce ta fi masa sauƙin zanawa.

Ɗaya ya ce, "Malam, matanmu ba sa gane mu."

Wani ya ce, "Jiya an ba wannan tuwona, ya cinye, bai ce uffan ba."

Jatau ya sa wa wannan gemu, ya yi wa wancan wushirya, ya tsaga wa wani bille. Da za a bar shi da ya wuni. Hawainiya ta ja masa kunne da wutsiya, suka fita ta ƙofar kogi.

A bayan ƙofar hanya ta yanke. Wani kwazazzabo ne baƙi, ba a ganin ƙarshensa. A can ƙetare ana hango duwatsu da ƙyallin ruwa.

Jatau ya ce, "Wannan kuma ba aikina ba ne."

"Naka ne. Ɗan Maharbi ya fita daga gari, ka yanke, sai ga shi a bakin kogi. Abin da ka yanke a tsakani, shi ne wannan ramin. Ku a wurinku ƙiftawar ido ne."

Jatau ya ciro fensir. Sai ya zana taki ɗaya a kan iska, ya taka. Ya zana na gaba. Iska mai sanyi tana busowa daga ƙasa, takin da ya bari a baya yana narkewa. Bai duba ƙasa ba. Fensir ya dakushe a tsakiya, ya feƙe shi da haƙori, ya ci gaba. Suka ƙetare.

A kan wani faffaɗan dutse wata dattijuwa tana zaune tana kaɗi. Ba auduga a hannunta. Daga iska take jawo zaren, kuma kowane zare yana magana ƙasa-ƙasa da muryar wata tsohuwa. Ita ce Magajiya. Jatau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ni."

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, mun ga aikinka, kuma ba mu raina shi ba. Amma saurara. Tun da ake tatsuniya, Dodon Mashigi ke mutuwa yana tashi. Abin da ke tashe shi guda ne: idan an ce ƙurunƙus an watse, akwai wanda hankalinsa ke komawa bakin mashigi, inda aka bar shi kwance. Ko mutum ɗaya ya isa. Da can da baki ake yi, kowa da nasa dodon a kai. Yanzu yara sun tashi daga gaban tsofaffi, gaban allonka za su zauna. Kai kuwa ka zana shi abin tsoro kawai, yana faɗuwa ka fizge idon kowa ka kai wurin kalangu. Fim ba ya sauyawa. Yadda ya faɗi yau haka zai faɗi gobe, ba mai waiwayarsa. Idan ka ƙarasa takardun nan yadda ka faro, ya mutu ke nan."

Jatau ya ce, "Ranki ya daɗe, ai dodo ne."

"Ban ce maka tunkiya ba ce."

"To sai in sake labarin, in bar shi da rai?"

Mazari ya tsaya. Duk zaren ya yi tsit.

Ta ce, "Kul. Bakin Tambai ya rufe, maganarta ta zama amana. Ba ka da ikon ƙara kalma, ba ka da ikon rage ta. Zai haɗiye, za a soke shi, zai mutu, za a yi biki. Abu ɗaya ne naka: inda ido zai tsaya. Je ka gan shi. In ka shirya, za a yi tatsuniyar a gabanka sau ɗaya, ka leƙa ta tagar kwalinka. Abin da ka gani, shi za ka koma ka zana."

Suka gangara bakin kogi. Inuwa ta rufe su. Jatau ya ɗaga kai ya ga haƙora kamar turame, ido kamar garwashi, daidai yadda ya zana.

Hawainiya ta ce, "Kai ka zaɓi nan ka tsaya. Hau dutsen can."

Ya hau. Daga sama abin ya sake. Wani tsohon dodo ne kwance ya gitta kogi, ruwa yana dukan kuiɓinsa yana ragewa kafin ya wuce. Bayansa duk gansakuka. A haƙarƙarinsa tabo a kan tabo, duk a wuri ɗaya. Jan idon nan kuwa irin na mai ƙarancin barci ne.

Jatau ya ce, "Salamu alaikum, Baba."

Dodo ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Wa alaikumus salam. Kai ne yaron da ya ƙara mini haƙora? Ban iya rufe baki ba tun da ka fara."

"A gafarce ni. Tambaya na zo yi. Da gaske ka haɗiye su?"

"Na haɗiye su. Har da awaki."

"Don me?"

Dodo ya ce, "Tun da aka kafa mashigin nan ba wanda ya taɓa tambaya. Me Tambai ta ce da farko?"

"Ta ce wata damina kogi ya kawo."

"To. Ka zana ruwan?"

"Na zana ɗan gajimare."

"Gajimare! Ruwa ne ya taso ya fi rufin soro. Garin nan ba tudu. Wuri ɗaya ne busasshe a ƙasar nan ranar, cikina. Kada ka ɗauka sonsu nake yi. Sun dame ni da surutu, suna wanki a kan wutsiyata. Amma in ruwa ya tafi da su, wa zai riƙa ƙetare mashigina?"

"Me ya hana ka amayar da su bayan ruwa ya janye?"

"Dodo ba ya amai. Haka aka yi mu. Sai an huda."

Jatau ya dubi tabon nan.

Ɗan Maharbi yana can gefe a kan tudun yashi, sanye da warki da layu, mashi a hannu, haɓa a sama. Bai sunkuyo ba ko da Jatau ya gaishe shi.

Ya ce, "Mai-zane, na ji abin da ake ƙullawa. Ni dai ka bar ni yadda nake. Daga ƙasa, rana a bayan kai, a kaɗa mini ganga."

"Sadauki, wuyanka ba ya ciwo?"

"Yana yi. Ina ruwanka?"

Jatau ya ɗaga kwali ya matso, ya matso, har fuskar saurayin ta cika tagar. Ya ga leɓensa na ƙasa yana rawa. Ya gangara da tagar kan hannunsa, ya ga gumi yana bin ƙotar mashi.

Ɗan Maharbi ya ce, "Janye abin nan daga fuskata, ko in fara da kai."

"Tsoro kake ji."

"Uwata tana ciki! Kowane karo tana ciki. In na yi sama kaɗan, ita zan samu. In na yi ƙasa, ba za su fito ba. Shi kuma tsohon nan, a bayansa na koyi iyo. Ka taɓa jin an faɗi wannan a tatsuniya?"

"Ban taɓa ba. Shi zan nuna."

"Yara su yi mini dariya?"

"Waɗanda za su kalle ka duk sun san tsoro. Ba su san mai rana a bayan kai ba."

Saurayin ya sauke haɓarsa a hankali, wuyan ya yi ƙara. Ya ce, "To. Amma ka gyara mini hula, ka karkata ta da yawa."

Jatau ya gyara. Ya rage wa Dodo haƙoran da ya ƙara. Ya aika hawainiya ta gaya wa Magajiya ya shirya, ya zauna ya jira ta, jira mai tsawo.

Magajiya ta saki zare ɗaya. Muryar Iya Tambai ta cika sarari, da 'yar shaƙewar nan tata ta mai cin goro.

"Wata damina kogi ya kawo."

Jatau yana kan dutse mafi tsawo. Ya matso da kwalin dab da idonsa, gari ya zama ɗan mitsitsi a cikin tagar, bayansa ruwa ya taso kamar ganuwa. Mutane suna gudu, ba wurin zuwa.

"Dodo ya buɗe baki ya haɗiye mutanen gari kaf."

Ya sauko da gudu ya tsaya dab da bakin. Bai nuna haƙora ba. Ya nuna harshe, yadda yake shimfiɗuwa kamar tabarma, yadda ya jira wani tsoho mai sanda ya gama hawa, yadda ya koma ya lalubo ɗan akuya daga cikin ruwa. Baki ya rufe. Ambaliya ta hau kan Dodo ta wuce, yana riƙe da numfashi.

"Ɗan Maharbi ya dawo daga daji, ya ɗaga mashi."

Ba ganga. Jatau ya sa tagar a kan hannu mai rawa, ya kai ta kan idon Dodo, ya dawo da ita kan idon saurayi. Dodo ya ɗan karkata, ya gyara masa wurin. Saurayin ya runtse ido.

"Ya soke shi. Dodo ya mutu. Mutane suka fito."

Suka fito ɗaya bayan ɗaya, tufafinsu a bushe. Ɗan Maharbi ya rungume uwarsa. Wani ya buga kalangu, jama'a ta juya ta nufi gari da guɗa.

"Aka yi ta biki."

Nan ne wuya take. Kwalin ya fara ja. Tatsuniya ta tafi gari, tana jan ido ya bi ta, kamar akuyar da ta hango dusa. Jatau ya kafa ƙafa a yashi ya riƙe da hannu biyu, tagar tana kan Dodo. Iya Tambai tana lissafa abin da aka ci da wanda aka sha, muryarta tana nisa, kalangu yana nisa. Cikin tagar ba abin da ke motsi sai ruwa da ke lasar kuiɓin gawa. Wata balbela ta zo ta sauka a bayansa, ta yi 'yan taku, ta tsaya tana jiran ya motsa. Kwalin ya yi zafi. Yatsun Jatau suka fara dushewa kamar an bi su da roba, har yana hango yashi ta cikinsu. Hawainiya ta ce masa a kunne, "In ka saki yanzu, ba wanda zai zarge ka." Bai saki ba.

"Ƙurunƙus."

Jan kwalin ya tsaya. Jatau ya zube a yashi. Yatsunsa suka dawo a hankali.

Magajiya ta sauko daga dutsenta, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, mun saurara. Ba a ƙara kalma ba, ba a rage ba. Ka cika sharaɗi."

Jatau ya dubi Dodo. Ya ce, "Ranki ya daɗe, bai tashi ba."

"Ba zai tashi dominka ba. Kai mai aiki ne, ba mai kallo ba. Zai kwanta nan har a nuna fim ɗin. In an sami wanda ya waiwayo, to. In ba a samu ba, mun gode da wahalarka."

Ta hura masa iska a fuska. Ya ɗago kai daga kan gilashi, fitila tana ci, ana kiran sallar la'asar ɗin da ya bari.

Ya kwashe tsofaffin takardu ya ɗaure ya ajiye. Ya faro daga farko. Damina ta shigo ta fita yana sunkuye. Ya zana wa gidaje baya. Ya zana hanyar da ke tsakanin ƙofar gari da kogi. Wurin da Dodo ke kwance ya fi cin takarda, don abin da ba ya motsi ma sai an zana shi, a sake zanawa, ruwa kaɗai na gusawa. Masu zuwa leƙe suka ce ya ɓata fim.

Aka nuna shi da hantsi a wata makarantar firamare, a babban aji, an toshe tagogi da tabarmi. Jatau ya zo da majigi da lasifika, da akwatin takardun zanen don malamai su gani. Yara suka cika ƙasa. Da ruwa ya taso suka yi ihu. Da harshe ya lalubo ɗan akuya suka yi dariya. Da hannun Ɗan Maharbi ya yi rawa ba wanda ya yi dariya. Sai aka zo ƙarshe, Dodo kwance, kalangu can nesa. Aji ya yi tsit. Wani ya yi tari. Allo ya yi duhu.

Aka yaye tabarmi, aka kaɗa ƙararrawar tara. Yara suka fashe waje a guje, ko waige babu.

Hedimasta ya matso ya ce, "Malam Jatau, sannu da ƙoƙari. Sai dai ƙarshen nan, ina ga na'urarka ce ta maƙale. Bikin ma ba mu gani ba."

Jatau ya ce, "Ba ta maƙale ba."

Ya naɗe waya. Ya rufe majigi. Ya ɗauki akwatin takardu ya fito, jikinsa a sanyaye.

A filin makaranta, gindin dalbejiya, 'yan aji uku sun riga sun fara wasan. Ana ta gardamar wa zai zama wa. Wata 'yar lukuta mai suna Ladidi ta ture kowa ta ce ita ce Dodo. Ta buɗe hijabinta, ƙanana suka shige ciki suna ƙyalƙyala dariya. Wani siririn yaro ya ɗauki karan dawa, ya sa hannunsa yana rawa da gangan, ya runtse ido ya taɓa ta a kuiɓi. Ladidi ta zube a ƙasa. Sauran suka fito suka ruga bayan aji suna buga gwangwani.

Ta kwanta ita kaɗai, ido a rufe, ƙura a kumatu. Jatau ya tsaya da akwati a hannu.

Gwangwani yana ta ƙara a bayan aji. Can sai wata ƙarama, wadda ɗankwalinta ya zame, ta leƙo ta kusurwar gini. Ta dawo da sanɗa. Ta tsuguna, ta kore wa Ladidi ƙuda daga fuska, ta girgiza ta.

Ta ce, "Dodo. Dodo, tashi, sun tafi. Ga sauran ƙosaina."

Ladidi ta buɗe ido ɗaya ta karɓa.

Akwatin ya yi nauyi a hannun Jatau, har sai da ya sauke shi. Ƙasansa ya jiƙe. Ruwa yana ɗiga daga kusurwa, mai sanyi, mai ƙanshin kogi, yana bin ƙasa a hankali.

Hedimasta ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, kayanka na zuba."

Jatau ya ce, "Na gani."

Ya saɓa akwatin a kafaɗa ya kama hanyar tasha, ruwa na bin bayan rigarsa.